Ki Ƙirga Har da Waɗanda Ba a Raɗa wa Suna Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Sakajiki, zuwa ga ɗiyar Gwaggo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da duk mutanen gidanku, da fatan kun wayi gari lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Babanku ya ce a gaya miki yana yi muku addu'a a kan wannan tashi da za ku yi daga Ƙaura zuwa Shinkafi. Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku shiga garin a sa'a, ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronsa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, alhali tsakanin Sakajiki da Ƙaura ba wata tafiya ba ce. To ke ma kin san yadda muke. Ke ce 'yar fari. Tun da aka yaye ki aka miƙa wa gwaggonki Asabe, ban taɓa kiran sunanki a gaban mutane ba, ban taɓa zaunar da ke na ce ga magana ba. Abin da zan faɗa kuwa, in na dube ki ido da ido ba zai fito ba. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, bari yau ni ma ya yi mini rana.

Kina da ciki. Kada ki rufe fuska, daga ke sai takarda. Ranar da kika zo yi mana sallama na ga kin ture kwanon miya saboda warin daddawa, na ga kin zagaya bayan rumbu kina tofar da yawu, kin kuma zurma hijabin da ya fi ki girma wai ke mai dabara. Ni za ki yi wa dabarar hijabi? Na kuma san wannan ne na uku. Biyu sun zube. Na farko kika ce zazzaɓi ne, na biyu gwaggonki ta ce wa mutane wata ne ya yi miki jinkiri. Duka biyun na ja bakina na yi shiru, don an ce uwa ba ta shiga zancen 'yar fari. Wannan karon ba zan yi shiru ba. Ina tsoron abin da ya cinye mini 'ya'ya shi ne ya fara taɓa naki, kuma in ba ki tashi da wuri ba, wannan ma zai bi 'yan'uwansa.

Kin tashi kin ga ba ki da ƙane ba ki da ƙanwa ta ɗakina, ba ki taɓa tambaya ba, ba a taɓa gaya miki ba. Bayan ke na yi ciki takwas, ba wanda na goya. Wasu tun suna gudan jini suke fita. Wasu sai sun yi ƙwari, sun fara motsi, na fara ɗinka 'yan riguna a ɓoye, sai wata rana in ji shiru. In kwanta ta dama, in juya ta hagu, in sha ruwan sanyi, in danna da hannu, shiru. Wanda bai taɓa yawo da gawa a cikinsa yana dafa wa mutane tuwo ba, bai san abin da nake faɗa ba.

Kowa a garin nan sai da ya zama likitana. Masu cewa wabi ne, masu cewa iska ce, masu cewa zaƙi ne ya yi mini yawa. Kakarki, uwar babanku, ita ta yanke hukunci. Ta ce, "Wagga yarinya zahi gare ta, shi ka dahe mata ɗiya. A kai ta Moriki." Aka kai ni Moriki ranar kasuwa, wurin wani tsoho mai saiwoyi a bayan kara, inda ake cinikin shanu. Na sha jiƙo mai ɗacin da har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Na sha hayaƙi, na ɗaura laya, na bar nama, na bar zuma. Ni da na yi makarantar horon malamai, ni da nake koya wa yara wanke hannu, duk abin da aka miƙo mini sai in ce to, in haɗiye. Ban taɓa tambayar wani a cikinsu ba, ta yaya ka san zafi ne, me ka duba? Ke kada ki sha komai daga hannun wanda bai duba komai ba, ko da wanda ya miƙo miki ya haifi mijinki.

Amma ba a Moriki na yi babban kuskurena ba, a asibiti na yi shi. A ciki na biyar na lallaɓi babanku ya bar ni na je awo Ƙaura. Mata cike da benci, a cikinsu har da matar ƙanen babanku da uwar wani ɗalibina. Malamar asibitin na zaune a tebur a gabanmu duka, tana tambaya da ƙarfi don ta sallami layi.

Ta ce, "Haihuwarki nawa?"

Na ce, "Ɗaya." Ko wannan da ƙyar ya fito, don mu ba mu ƙirga 'ya'ya, balle na fari.

Ta ce, "Ɓari fa?"

Na waiga na dubi bencin, duk an kasa kunne. Na ce, "Ba komai."

Ta danna mini ciki, ta ba ni jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce in dawo wata mai zuwa. Ban ga laifinta sosai ba, abin da na ba ta shi ta yi aiki da shi, ko da yake har gobe ina jin haushin wanda ya ajiye teburin nan a tsakiyar mutane. A wurinmu abin da ba a yanka wa rago ba, ba ɗa ba ne. Ba a yi masa zaman makoki, ba a ambatonsa, a ce miki Allah ya ba da mai amfani, shi ke nan an rufe. To a wurin likita waɗannan da ba a raɗa wa suna ba su ne shaidunki. Idan aka tambaye ki, ki ce ciki uku, biyu sun zube, ki faɗi watan da kowanne ya kai da yadda ya fita. In akwai mutane, ki ce kina son magana a keɓe. In ba a keɓe ki ba, ki faɗa a gabansu, su je su yi ta yayatawa.

Bayan ciki na bakwai ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga cinya, ta yi zafi, ta yi nauyi kamar turmi. Kakarki ta kira wanzami ya kafa mini ƙaho, ya ce mataccen jini ne, yana nuna mata baƙin da ya tsotso. Allah ya kawo kawunki Bala, yayana da ke koyarwa a Zariya, ya zo duba mu. Da ya ga ƙafar bai nemi shawarar kowa ba, ya ce wa babanku, "Malam, na ɗauki ƙanwata," ya sa ni a mota.

A wani babban asibiti a can na haɗu da likitar da ta fara yi mini tambaya ta gaskiya. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta gurguwa. Ta fitar da kawunki, ta rufe ƙofa, ta ja kujera kusa da gadona.

Ta ce, "Madam, ciki nawa ka yi? Duka duka. Wanda ya fita ma ka faɗa."

Na soma lanƙwasa yatsu. Hannu ɗaya ya ƙare na shiga na biyu. Ran nan na fara jin adadin a bakina, sai ga hawaye, ni da ko a gaban uwata ban taɓa yi musu kuka ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta jira na gama, ta ce akwai abin da take zargi, sai an gwada jini. Aka ɗebi jinin, aka ce ba a nan ake gwajin ba sai an aika Kudu. Ina kwance ana yi mini maganin ƙafa har sakamako ya dawo.

Ga yadda ta bayyana mini, ki karanta a hankali. A jinin kowa akwai garkuwa, wasu ƙwayoyi da Allah ya ɗora wa aikin yaƙar cuta. A jikin wasu mutane sai waɗannan ƙwayoyi su rikice, su juyo kan mai su, su riƙa sa jini yana daskarewa a jijiyoyi. Mabiyiya kuwa, wadda ta cikinta ɗa yake ci yake numfashi, duk ƙananan jijiyoyi ce. In sun toshe sai abinci ya daina isa gare shi, ya yi ta ramewa har ya yi shiru. Ta ce abin da ya toshe mini ƙafa shi ne ya toshe musu hanya. Ba a ganinsa da ido, ba a jinsa da danna ciki, awon jinin da ake yi wa kowace mai ciki ma ba ya nuna shi, sai an neme shi da sunansa. Ashe yunwa ce ta kashe su a cikina, ni kuwa ina ta ɗura wa kaina tuwo don su yi ƙiba.

Na ce, "Likita, yana da magani?"

Ta ce akwai. Wata 'yar ƙwaya kullum, da allurar tsinka jini a fatar ciki, tun daga farkon ciki har a sauka, ana yi ana dubawa. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, rai na Allah ne, amma ta ga mata irina sun goya. Wallahi ban yi murna ba. Baƙin ciki ne ya tokare ni, na ce ashe duk shekarun nan abin yana da suna, yana da magani, ni ina can ina shan hayaƙi a bayan kara. Ta ja mini kunne a kan abu biyu. In koma bayan wasu makonni a sake gwajin, don sau ɗaya ba ya tabbatarwa. Kuma duk ranar da na ga wata ya wuce ni, in taho, kada in jira ciki ya fito.

Ko ɗaya ban yi ba.

Da lokacin komawa ya yi na ce wa babanku, "Malam, likita ta ce in koma."

Ya ce, "Ƙafar ba ta sace ba? Bari a yanke gero."

Na ce to. Babanku ba mugu ba ne, amma a wurinsa abin da bai kumbura ba, ba ciwo ba ne. Aka yanke gero, aka yanke dawa. Shekarar ce aka ba mu jiha, gari ya ruɗe da murna, ana ta yi wa malamai canjin wurin aiki, kowa na kai da komo Gusau, wa zai saurari mace mai ƙafa lafiyayya tana zancen Zariya? Ni ma na bar maganar ta kwanta. Don haka ina gaya miki, in kika ce wa mijinki za ki asibiti ya ce bari, kada ki ce to. Ki tambaye shi, bari har yaushe? Ki sa ya faɗi rana da bakinsa.

Sai aka sa ranar aurenki, ni kuma wata ya wuce ni. Na san abin da likita ta ce, ban manta ko kalma ɗaya ba. Amma na dubi kaina, uwar amarya, ga gara, ga jere, ga baƙi daga Zurmi da Kurya, in tashi in ce na tafi Zariya awon ciki? Gwaggonki ido gare ta. Ta same ni a madafa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke Hassi, kada dai ki ba mu kunya, uwa da ɗiya ku yi goyo tare." Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni ma na yi, na ce Allah ya kiyaye. Na koma ɗaki na ƙara tamke zani. Na ce bayan biki. Bayan biki na ce bari baƙi su watse, bari a daina kallona. Ina cikin bari-barin nan ciki ya shiga wata na shida, yana motsi mai ƙarfi, har na fara cewa ko wannan zai tsaya da kansa. Bai tsaya ba. Namiji ne, da gashinsa da 'yan faratansa. Daga shi ban sake ba.

Kada ki ɗauka ina ɗora wa aurenki. Ba ruwanki, ba ruwan biki. Dariyar mata huɗu a bakin murhu na ji wa tsoro, na ba da ɗana a kanta. Matan nan yau ba wadda ta tuna ta yi dariyar, ni ce nake tunawa kullum. Na yarda da ƙaddara, ina sallah ina istigfari, amma kada wani ya ƙara ce mini haka Allah ya so alhali Allah ya nuna mini ƙofa ni na ƙi shiga. Wannan ɗacin ba ya fita, kuma ba na so ki san shi.

Yanzu ga abin da za ki yi. Kuna sauka Shinkafi, kafin ki jera kwano ko ɗaya, ki je asibiti. Ki faɗa musu naki, ki faɗa musu nawa, har da ƙafar. Ba na jin suna yin gwajin a can, ki ce su tura ki inda ake yi, ko Sakkwato ko Zariya. Na riga na yi magana da kawunki, ya ce ɗaki na nan. Sunan abin da za a nema antifosfolifid. Na sha wuya kafin harshena ya iya shi, ke ma ki maimaita har ya zauna. Likitar ta ce ba dole ne 'ya ta gada ba, amma yakan bi wasu gidaje. Mai yiwuwa a duba a ce jininki lafiya lau, wani abu ne daban. In haka ne alhamdu lillahi, sai a nemi dalilin a wani wuri, ni kuma ki ce tsohuwa ta tayar miki da hankali a banza, na yarda. In an ce ki dawo a sake, ki koma, ko ana ruwa ko ana girbi.

Za ki ga an cika 'yan kwalabe da jininki. Za a sami mai ce miki sayarwa suke yi, ni ma kakarki ta tambayi kawunki, "Jinin ga ina za a kai shi?" Ki bar su da zancensu. Kada kuma ki ji na ce 'yar ƙwaya ki aika kemis a sayo miki, na san halinki da son gajeriyar hanya. Maganin nan jini yake tsinkawa, likita ne zai ce nawa, yaushe za a fara, yaushe za a tsaya. In an ɗora ki a kansa, ba ƙaho, ba tsaga, ba ungozoma mai aska, ko wa ya kawo ta. In kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ko kai ya matsa miki da ciwo, ko motsi ya ragu, ba a jiran gari ya waye ko maigida ya dawo.

Mijinki yaron kirki ne, amma yanzu an ba shi aikin magatakarda a sabuwar kotun shari'a, kansa zai yi zafi, kowa na son a gan shi a bakin aiki. Ki zaunar da shi ki gaya masa komai da bakinki, kada ki tsaya sunkuyar da kai yana cankar abin da kike nufi. Maza ba sa canka. Na kuma ji matan da ke yawo gida-gida suna cewa tun da shari'a ta zo haramun ne likita namiji ya duba mace. Ni 'yar malamai ce, a zauren ubana na yi wayo, ban taɓa jin an ce a bar rai ya salwanta don babu likita mace ba. In akwai mace, ki nemi mace. In babu, mijinki ya tambayi alƙalin da yake yi wa aiki, ya ji abin da zai ce. Tun da kuma an hana mata hawa babur ɗin kabu-kabu, tun yanzu ku san maƙwabcin da ke da mota, ku gaisa da shi, ku san ƙofar da ake buga masa. Kada sai jini ya ɓalle a fara neman abin hawa.

Saura magana ɗaya, ita ta fi yi mini nauyi.

In Allah ya kai ki wata bakwai, za a ce a kawo ki gida goyon ciki. Gwaggonki ta sha faɗa cewa ita ta yi raino, amma wankan jego nawa ne. Shi ne abu ɗaya da al'ada ta bar mini a kanki, in karɓe ki a ɗakina, in dafa miki ruwa, in dama miki kunu, in riƙe abin da kika haifa ba mai cewa na yi rashin kunya. Tun shekarar aurenki nake tara itacen wankan nan a bayan ɗaki, ina rufe shi da damina, ina ƙarawa da rani.

Kada ki zo.

Lissafina ya nuna tsakiyar damina za ki sauka, kin kuwa san hanyarmu in rafi ya kawo. Nan ba mai yi miki allura, ba mai duba jininki. Kakarki na nan da ranta da ƙullin saiwoyinta, ni kuma na san kaina, in ta miƙo ƙwarya ta ce a ba ki, ban tabbata bakina zai iya ce mata a'a ba. Jiya na sa an kwashe itacen duka an kai gidan liman, matarsa ta haihu. Na gaya wa babanku, in aka kawo ki a mota, a motar za ki koma, ba zan bari a sauke ko jaka ba. Ya dube ni ya ce, "Hassi, mi mutane za su ce?" Na ce su ce na ƙi 'yata. Za su faɗa kuwa, har a gidan suna za a yi da ni, ke ma wata rana abin zai sosa miki rai. Ki zauna kusa da masu allura har ki sauka, wata can da ban sani ba ta yi miki abin da na yi shekaru ina jira in yi. In ɗan ya faɗo ya yi kuka, a aiko a gaya mini ya yi kuka. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare abin da ke cikinki, ya buɗe masa hanyar abincinsa har ranar fitowarsa. Allah ya haɗa ki da likita mai tambaya, ya ba ki bakin amsawa. Allah ya raba ku lafiya, ya sa ki ji nauyinsa a bayanki. Ki gaida maigidanki. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hassi